Shekarar da Aka Sare Tsamiyar Gidanmu

Ranar kasuwar da ta wuce na ji ana wasa gatari a gidan maƙwabta. Na leƙa ta danga na tambaya, aka ce kanyar bayan gida za a sare, wai ɗansu ya daina magana tun rasuwar matarsa, kuma a gindinta yake wuni. Na ce su ajiye gatarin su ba ni tabarma. Abin da na gaya musu shi zan maimaita a nan, don na tsufa, kuma ba kowane gida zan iya leƙawa ta danga ba.

Maigidana marini ne a nan Tambuwal. Ba zan faɗi sunansa ba, duk wanda ya taɓa kai zane karofin yamma ya san shi. Mutum ne mai surutu da tsokana, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, ko ranar Idi ba sa fita. Ɗanmu ɗaya a lokacin, na fari, kuma kun san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Ba ma kiran sunansa, ba ma wasa da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi a ɗakin kakarsa Inna, uwar maigida, yake kwana, kowa kuma Ɗan Inna yake ce masa. Yaro ne mai son tsami. Kullum ka gan shi da tsamiya a hannu yana tsotsa, na rasa gane mai kaɗo masa ita, don bishiyar bayan gidanmu doguwa ce, shi kuma bai kai hawa ba.

Da bazarar wata shekara cutar agana ta shigo unguwarmu, cikin waɗanda ta ɗauka har da yaron. Masu gaisuwa suka cika ɗakin Inna, don ita ake yi wa ta'aziyya. Maigida ya zauna a zaure fuska a bushe yadda ake son uban ɗan fari ya yi. Duk wanda ya shigo ya ce sai haƙuri, shi kuma ya ce haƙuri ya zama dole. Har yabonsa aka riƙa yi, ana cewa ga namiji. Ni ma ban yi kuka a gaban kowa ba, a bakin murhu nake yi in ce hayaƙi ne.

Abin ya fara a hankali. Da farko tuwo ne yake dawowa rabi. Sai barci ya ƙaurace masa, da safe idanunsa jajur. Sai ya fara zuwa karofi ya zauna da muciya a hannu bai motsa baban rini ba, har zanen mutane ya lalace a rami. Kafin damina ta yi nisa ya daina zuwa gaba ɗaya. Da ya idar da sallar asuba sai ya zagaya bayan gida ya zauna a gindin tsamiya, ba ya tashi sai salla ta tashe shi. In ka yi masa magana ya dube ka kamar daga nesa. Ni abin da ya fi tsorata ni hannuwansa ne. Shuɗin ya riƙa koɗewa har na ga ainihin launin fatarsa, abin da ban taɓa gani ba tun da aka kawo ni gidan.

Shawara kuwa ba mu rasa ta ba. Duk wanda ya shigo da nasa maganin, har waɗanda ba su iya maganin ƙaiƙayin kansu ba. Amma a kan abu ɗaya baki ya zo ɗaya: tsamiya gidan iskoki ce, kuma mutum mai hankali ba ya zama ƙarƙashinta da tsakar rana. Inna ta kira ƙannen maigida ta ce, "Mutanen icen ga sunka kama shi. Ku sare ta mu huta."

Ranar da aka sare ta maigida yana tsaye yana kallo. Bai hana ba. Da ta faɗi sai ya shiga ɗaki ya juya fuska ga bango. Inna ta ce alhamdu lillahi, ya rabu da wurin. Daga ranar ko amsa sallama ya daina.

Da lokacin kaka, kawuna Mamman, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya zo ya ga rumbunmu ba komai, ya ga yadda na rame. Bai yi shawara da ni ba ya wuce wurin alƙali ya ce ba zai bar 'yarsa a hannun mahaukaci ba. Alƙali ya ba da shekara guda, kaka zuwa kaka. In ya warke, aure na nan. In bai warke ba, a raba. Ƙannen maigida kuma ba su ɓoye mini ba, sun ce ranar da na fita daga gidan za su sa shi a turu, don ba mai zaman gadinsa. Na taɓa ganin mutumin da aka sa wa ƙafa a turu a wani gida kusa da ƙofar gari. Ban so in ƙara ganin irin wannan ba, balle a kan mijina.

Ranin nan duka a magani ya tafi. Rubutu mun sha, na ce mun sha don in ya ƙi sai in kurɓa a gabansa. Malamin unguwarmu, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa karɓar komai a hannuna ba, kuma shi kaɗai ne ya ce a daina taruwa a kansa. Ba wanda ya saurare shi. Wani mai hayaƙi daga Sanyinna ya rufe shi da bargo a kan kasko har ya shiɗe, ya tafi da akuyata. Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya ya ce baƙin jini ne. Mundayena da tasoshin aurena duk suka bi wannan hanya. Wata safiya kuma aka buɗe ƙofar gari sai ya fice ya nufi fadama. Ƙannensa suka kamo shi suka kira maƙeri ya buga masa mari a ƙafa. Ba wanda ya tambaye shi ina za shi.

Da ruwan farko ya sauka, gwaggona da ke aure a Fakku, can ƙasar Kebbe, ta aiko cewa akwai wani tsoho mai maganin iska a garinsu, ana ce masa Baba Magaji. Muka ɗora maigida a jaki muka bi ayarin masu gishiri, don hanyar ba a binta a ɗaiɗai. Ƙanensa da ya rako mu kwana ɗaya ya yi ya juya, shuka na jiransa.

Ƙofar gidan Baba Magaji cike take da mutane, wasu da kaji, wasu da 'yan uwansu a ɗaure. Muka wuni a rana kafin a kai kanmu. Tsohon ya dubi idon maigida, ya shinshina tafin hannunsa, ya ce iskar ice ce, abin da tun a gida mun ji. Sannan ya lissafa mini ɓawon marke da na maɗaci da saiwar wani ɗan tsiro da ya nuna mini.

Ya ce, "Ɗanye nika so, na ranan, kuma hannun mai jinya shi ka ɗebo shi. Wanda ya kwana ba shi aiki."

A lokacin na ɗauka wani babban asiri ne. Daga baya na lura gwiwoyin tsohon sun kumbura, ko masallaci da sanda yake zuwa. Ina zaton dokar daga gwiwar ta fito, amma Allah ya saka masa, don ita ce ta cece mu.

Dajin Fakku ba irin namu na nan ba ne da gonaki suka cinye. Kana fita gari kaɗan sai itatuwa su rufe ka. Da farko nakan kulle maigida a ɗakin da Gwaggo ta ba mu in bi matan da ke zuwa daji tsintar kaɗanya. Rana ta uku ko ta huɗu na dawo na tarar ya kankare bango da farce har yatsunsa na jini, Gwaggo kuma ta gudu maƙwabta don tsoro. Na rasa yadda zan yi. Ba mai tsaronsa, magani kuma sai na fita. Washegari na kai shi wurin maƙerin garin aka cire marin, na ɗaura igiya a hannunsa na ɗaura a nawa.

Gwaggo ta tare ƙofa. "Ke Hajo, kina da hankali kuwa? Mai iska za ki kai gidan iskoki?"

Na ce, "Gwaggo, to ki zauna da shi ni in tahi."

Ta matsa ta ba mu hanya.

Ranar farko bina kawai yake yi, kai a sunkuye. Na sami marke na fara sassaƙa, shi kuma ya zauna a gindin wani babban maje. Ruwa ya sauka da asuba, ƙasa na ƙamshi, inuwar da sanyi, ba abin da kake ji sai kurciyoyi da iska a cikin ganye. Da na gama na juyo sai na ga ya jingina da icen yana barci, baki buɗe, har da minshari. Rabon da in ga wannan barcin tun kafin agana. Na kwance igiyar daga hannuna na zauna. Maganin da ya kamata in kai da hantsi sai bayan azahar na kai, Baba Magaji ya yi ta faɗa.

Haka muka riƙa yi kullum. Ba wani abin mamaki da ya faru, kada wani ya ce na ce daji na magana. Tafiya ce kawai da zama. Mukan bi wani ɗan rafi, ya tsoma ƙafafunsa inda mari ya ci, ya daɗe yana kallon ruwan. Wata rana na ga ya tsinci 'ya'yan kaɗanya da suka nuna yana sha da kansa, mutumin da sai na yi da gaske yake haɗiye fura. Bayan mako biyu ko fiye na daina ɗaura igiyar. Ni kaina sai na ga nauyin da ke ƙirjina yana raguwa in mun shiga cikin itatuwan, abincina ya dawo, har Gwaggo ta fara ƙorafin tuwo ba ya isa.

Maganarsa ta farko ba da ni ya yi ta ba. Ya tsaya gaban wani tsiro, ya tsinki ganyen ya murza a yatsunsa ya daɗe yana dubawa, sai ya ce, "Wanga ganye shina rini." Na yi kamar ban ji ba don kada in kore maganar.

Abu ɗaya nake kiyayewa: duk inda na hango tsamiya sai in karkata hanya. Ni ma ai a gidan da aka sare ta na fito, kuma tsoron yana jikina. Wata rana ina haƙar saiwa na ɗaga kai ban gan shi ba. Na bi sawunsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, na same shi zaune a gindin wata tsamiya da ta fi tamu girma. Na tsaya ina karanta duk abin da na iya. Ya ɗago ya dube ni sosai, irin kallon da ya yi shekara bai yi mini ba, ya ce, "Ni nika kaɗo mai ita. In kowa ya tahi gona, ni da shi muka zuwa bayan gida."

Sai ya kira sunan yaron. Ya kira shi da ƙarfi, ya sake kira, sannan ya fashe da kuka irin na ƙaramin yaro, yana riƙe da saiwar icen. Abin da na fara yi shi ne waige-waige ko wani ya ji. Ba kowa sai mu da itatuwa. Na zauna kusa da shi na yi nawa kukan, wanda ba hayaƙin da zan ɗora wa. Sunan dai ban iya faɗa ba. Ranar ba mu kai magani ba sam.

Kafin gero ya nuna maigida yana gaisawa da mutane, yana bin jam'i, har yana tsokanar Gwaggo a kan miyarta. Baba Magaji ya ce iska ta fita, ya karɓi zanena na ƙarshe mai kyau, ya cika mana jaka da busasshen ɓawo, wai yanzu ko wanda ya kwana zai yi. Muka dawo Tambuwal.

Gida ya cika da 'yan barka. Inna ta ce kada a bar shi ya fita ko zaure, kada iska ta gane ya dawo. Aka zaunar da shi a ɗaki, mutane na shiga suna fita, kowa na cewa Allah ya kiyaye gaba, abin da ya wuce sai haƙuri. Ina dafa ɓawon nan safe da yamma yadda aka ce. Ba a yi wata guda ba tuwo ya fara dawowa rabi, barci ya tafi, ya sake juya fuska ga bango. Maganin bai canja ba, ɓawon nan ne dai. Na zauna na yi tunanin abin da muka baro a Fakku wanda ba ya shiga jaka.

Washegari da aka buɗe ƙofar gari na saka mayafi na ce masa ya taso. Inna ta biyo mu har zaure tana salati. Na ce, "Inna, ki yi min gafara, yau ba ni jin maganarki." Ban taɓa gaya mata haka ba. Muka nufi fadama, inda ya nufa ranar da aka kamo shi aka buga masa mari. Akwai 'yar kurmi a wurin, ɓaure da kanya da giginya, da tsamiya guda biyu. Ba ta kai dajin Fakku ba, amma ta isa. Kullum muka riƙa zuwa mu dawo da hantsi. A hankali ya dawo, har ya fara leƙa karofi da yamma.

Garin kuwa ya samu abin magana. Matar aure tana yawon daji da miji kamar masu kiwo. Masu yankan ciyawa kuma suka kai wa Kawu Mamman labarin abin da suke ji a kurmin.

Da kaka ta zagayo aka kira mu gaban alƙali. Zauren ya cika, ni da Inna muna daga bakin ƙofa a durƙushe. Alƙali ya tambayi maigida ranar da ake ciki da watan da ake ciki da farillan alwala, duk ya amsa daidai. Sai Kawu ya nemi izini.

"Allah shi gafarta malam, wanga duk a baki na. Mutumen ga kullum shina cikin kurmi gindin tsamiya, shina kiran sunan ɗanai na fari da ƙarfi shina kuka. An ji shi, ba mutum guda ba. Wane mai hankali ka yin haka?"

Zauren ya ɗauki gunaguni, don maganar Kawu ta shiga kunnen kowa. Alƙali ya juya ga maigida ya ce, "Mi kaka nema gindin ice?"

Maigida ya ɗago kai ya dubi alƙali. Sannan ya ce, "Allah shi gafarta malam, ba komi nika nema ba. Can ɗai na in na tuna yaron ba mai ce min in yi haƙuri."

Alƙali ya ce, "Wane yaro? Mi as sunanai?"

Maigida ya buɗe baki, na ga Kawu ya gyara zama yana jiran a ji haukan da kunne. Ban san lokacin da muryata ta fita ba.

Na ce, "Hamidu. Sunanai Hamidu. Ni na haife shi."

Tun ranar suna ban taɓa faɗinsa ba sai ranar, a gaban kawuna da uwar mijina da rabin unguwa. Kunya ta rufe ni har kunnuwana na zafi, amma na ci gaba. Na ce, "In kiran sunanai hauka na, to mu biyu muka yin ta. Kawu shi faɗi inda za shi kai mahaukaciya in an raba."

Alƙali ya shafa gemu. Ya ce shi dai bai taɓa karanta inda aka hana uba ko uwa kiran sunan ɗansu ba, al'ada ce, kuma al'ada ba ta raba aure. Ya ce mutumin da ya san sallarsa ya koma sana'arsa lafiyarsa lau, inda yake shan inuwa kuma ba ruwan shari'a. Kawu ya tashi ya fita bai yi mini sallama ba, sai da aka yi Sallah babba ya sake taka gidanmu. Ban riƙe shi a rai ba, yunwar da ya gani a fuskata ce ta kai shi wurin alƙali.

Ba zan ce ciwon ya tafi gaba ɗaya ba. Duk bazara yakan taso masa, magana ta ragu, tuwo ya dawo. In na ga haka ba na jiran shawarar kowa, sai in ɗauko mayafi. Haka muka yi har Allah ya karɓi abinsa da furfura, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, masu wanka suka yi ta gogewa bai fita ba.

Kututturen tsamiyarmu ya riƙa tohuwa duk damina, Inna tana bi tana karye tohon. Daminar da ta biyo bayan shari'ar na zagaya bayan gida na same ta tsaye a kansa, ta kewaye tohon da ƙaya don awaki. Ta ji motsina ba ta juyo ba. Ta ce, "Ni na raine shi, Hajo. Ko sau ɗaya ba a gaya min nan shika zuwa da ubanai ba."

Maƙwabtan nan sun mayar da gatarinsu ɗaki. Jiya na hango uwar yaron ta kai masa fura gindin kanyar, ta ajiye ta zauna daga gefe, ba ta ce masa komai ba.